Da shekaru zan raba yaran nan ko da iyawa?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyar da ninƙaya. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya ɗaure min kai.

Yara 23 nake horarwa duk Asabar da Lahadi, layi uku kacal aka ba mu a kwamin iyo mai tsawon mita 25. Da farko na bi irin rabon gasa: 'yan 10 zuwa ƙasa, 'yan 11 da 12, sai 13 da 14. To akwai wata 'yar shekara 9 da ke riga yawancin 'yan 12 gama mita 50, kullum tana taɓo ƙafar na gabanta. Ga kuma wani ɗan 13 da ya fara bana, ko jan numfashi ta gefe bai iya ba.

Na koma raba su da iyawa. Yaron ya tsinci kansa cikin ƙanana, kunya ta hana shi zuwa sati biyu, har babansa ya kira ni. Ita kuwa yarinyar sauri ne da ita, amma yawan zagayen manya ya fi ƙarfinta.

Ku da wanne kuke farawa? Kuma bayan wata nawa kuke sake gwada su?