Hunturunmu na farko a ƙauye: da wane aiki za mu fara?

Uwar Tagwaye ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da yayye waɗanda suka san zaman karkara a ƙasar Filato. Shekara 14 muka yi a Kubwa, a Abuja, sai bana maigidana ya ajiye aiki muka dawo gidan mahaifinsa a wani ƙauye tsakanin Bukuru da Barikin Ladi, saboda mahaifiyarsa ta tsufa kuma babu mai kula da ita. Ni haifaffiyar Kano ce, na ɗauka na san hunturu, amma abin da nake gani tun shigowar Disamba ya wuce sanina, domin ruwan da ya kwana a bokiti ba ya taɓuwa da asuba, kuma leɓunan yara duk sun tsage.

Babbar damuwata ita ce Inna, surukar tawa. Ɗakinta rufin kwano ne babu silin, kuma ta dage sai ta kwana da kaskon gawayi ta rufe ƙofa, tana cewa haka take yi tun kafin a haifi ɗanta. Ni kuwa ba na iya runtsawa don tsoro. Bayan wannan, dangar da ke gabashin gida ta kwanta, awakin maƙwabta suna shigowa; rumbun da aka zuba masara da acha ya tsage ta gindi; akwai kaji kamar 20 da ban san yadda ake kiwonsu ba. Ga tagwayena mata masu shekara 12 da ƙaninsu, hutun makaranta ya zo, ba na son su ƙare shi a kan waya. Kuɗin hannunmu ba su da yawa. Da wanne ya kamata mu fara, kuma wace sana'ar hannu ce ta dace da yaran a wannan lokaci?

Tsohon Malamin Gona, Bukuru, ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya saka muku da alheri a kan wannan dawowa. Sanyin da kike ji ba baƙon abu ba ne. Jos tana kan tudun da ya haura mita 1,200, Abuja kuwa ba ta kai rabin haka ba, kuma duk mita 1,000 da mutum ya hau, iska tana ƙara sanyi da kusan digiri 6. Shi ya sa a Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 11 ko ƙasa da haka cikin dare, musamman a ƙauyukan da ke fili, inda babu gine-ginen da za su tare iskar arewa maso gabas.

Ki fara da ɗakin tsohuwa, yau ba gobe ba. Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita, mai barci kuwa ba ya farkawa balle ya nemi taimako. Alamarta ta farko ciwon kai ne da jiri da kasala da safe, don haka ki tambayi Inna ko takan tashi da nauyin kai. Abin da ya tsare ta duk shekarun nan, bayan ikon Allah, shi ne kafofin da ke tsakanin bango da kwano, inda iska take shiga tana fita. To ga inda haɗarin yake: idan kuka toshe kafofin nan domin maganin sanyi, kuka kuma bar kaskon a ciki, kun mayar da ɗakin tarko. Dole a yi biyun tare, a toshe kafa, a fitar da wuta. Ba sai kun sayi silin na zamani ba. A shimfiɗa zana ko tsofaffin tabarmi a ƙarƙashin kwanon, a ɗaure su a jikin katakon rufi, za ki ga bambanci a daren farko, domin kwano shi ne yake zubar da ɗumin ɗaki da zarar rana ta faɗi.

Na biyu kaji, tun da su ba sa jira. Hunturu shi ne lokacin annobar nan da ake kira Niyukasul, wadda kan share akurki cikin 'yan kwanaki, za ki ga kaza tana gyangyaɗi, tana zawo kore, wata wuyanta ya murɗe. Ba ta da magani idan ta kama, sai rigakafi, kuma kun yi sa'a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana kusa da ku kuma tana yin maganin rigakafin, har da irin wanda ake ɗigawa a ido ko a zuba a ruwan sha. Lafiyayyu ake yi wa, kuma ana maimaitawa bayan wata 3 zuwa 4. Kada ki sayo kaza a kasuwa ki haɗa ta da naki sai ta yi mako 2 a keɓe. Tun da Kirsimeti ya gabato kuma kaji suna daraja, ki sayar da zakarun da suka yi yawa, kuɗinsu ya isa sayen zana.

Rumbu zai iya jira zuwa Janairu, amma kada ya kai Maris, lokacin da rijiyoyi suke ja baya, tun da yaɓe aikin ruwa ne. A kwaɓa ƙasa da yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta kwana 3 ko 4 ana tattakawa, a yaɓa kaɗan-kaɗan da yamma, domin iskar hunturu tana busar da laka da gaggawa ta sake tsagewa. Danga kuwa, ni da ƙerana zan shuka a wurin, irin wadda kike gani ta kewaye gonakin Birom, a huta da gyara kowace shekara.

Hajiya Mai Faifai, Gangare, ta amsa:

Malam ya faɗi gaskiya a kan kasko, amma ya faɗe ta irin ta maza. Ƙanwata, idan kika shiga ɗakin surukarki kika ɗauke mata wuta, ke da kika zo jiya, to kin sayi rigimar da za ta fi sanyin daɗewa. Ɗanta ne zai yi maganar, ba ke ba, kuma kada a ce mata an hana. A hura kaskon a tsakar gida bayan magariba, a bari ya ruru hayaƙi ya ƙare, a kai mata ta sha ɗumi ƙofa a buɗe, yara suna zaune tana yi musu tatsuniya, idan an yi sallar isha'i jikanta ya fito da shi a kashe. Sannan a cika kwalba mai kauri da ruwan zafi, a naɗe ta da tsumma a sa mata wajen ƙafa. Tsofaffinmu da gadon ƙasa suka saba, wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa, saboda haka abin da jikinta yake nema shi ne shimfiɗa mai ɗumi. Idan katifarta a ƙasa take, a ɗora ta kan gado ko a sa tabarma biyu a ƙarƙashi. Bargo kuwa, ki je ɓangaren gwanjo na Kasuwar Katako da sassafe, ranar da ake kwance dila.

Game da yara, kina da malama a cikin gida kina neman ta a waje. Macen da ta yi shekarunta a ƙauye da wuya a ce ba ta iya ɗinkin faifai ba, kuma ba shakka ta iya regen acha, aikin da 'yan matan birni ba su san shi ba, alhali acha idan ba a rege ta da kyau a ƙwarya ba, tsakuwa ce za a ci a gwate. Ki ce mata kina roƙon ta koya wa jikokinta, za ki ga ta miƙe. Sai dai a lura da lokaci: da asuba yatsu ba sa lanƙwasuwa, don haka a bari sai hantsi ya dubi ludayi, a shimfiɗa tabarma a jikin bangon da rana take bugu, a zauna ana shan hantsi ana aiki. Kaba a wannan iska karyewa take yi, sai an jiƙa ta an naɗe cikin ɗanyen tsumma, ana zara ɗaya-ɗaya.

Idan kuma kuɗi kike so su gani da wuri, to saƙar kwarashi ta fi. Zaren ulu yana nan a shagunan da ke kewayen Terminus, a tsakiyar birnin Jos, kuma yarinya mai shekara 12 za ta iya koyon hular sanyi cikin mako guda. Hular jarirai da safarsu ba sa kwantai a Jos daga Nuwamba har Fabrairu, kowane gidan suna akwai mai nema. Ni da kuɗin hula na yi wa 'yata ta fari kwanukan aure, ko da yake a lokacin zare bai yi tsadar yau ba. Hular farko dai su saƙa wa kakarsu, ko ta fito a karkace.

Leɓe da faso, man kaɗanya da dare bayan an wanke ƙafa da ruwan ɗumi, a sa safa a kwanta.

Ɗan Lambu daga Mangu ya amsa:

Ina neman afuwar Baba Malam, ban goyi bayan ƙerana ba a gidan da ke da ƙananan yara da ba su san ta ba. Ruwanta fari idan ya taɓa ido yana yin mummunar illa, kuma tana ɗaukar shekaru kafin ta yi kaurin da za ta tare akuya, alhali Yaya tana bukatar shinge a wannan makon. Karan dawa da na masara yana nan zube a gonaki yanzu, kafin masu farautar ɓera su cinna wa daji wuta. Maigida ya kafa dirkoki, shi da yaron su jera kara su ɗaure da tanka biyu, aikin kwana 2 ne. Idan an rufe wurin, a yi 'yan kwamai kusa da rijiya a zuba latas da karas da kabeji, domin wannan sanyin da kuke kuka da shi, shi ne yake sa su yi kyau, shi ne kuma ya sa masu noman dankali a bakin tsofaffin ramukan kuza ba sa hutawa yanzu. Ban-ruwa ya zama aikin yaron, amma da yamma, ba da asuba ba.

Uwar Tagwaye ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara girma. Jiya Baban yara ya yi wa Inna magana yadda Hajiya ta tsara. Ta yarda a fitar da kaskon bayan isha'i, amma da sharaɗin ɗaya daga cikin tagwayen ta riƙa kwana a ɗakinta, kuma ta amsa cewa takan tashi da ciwon kai, tana ɗauka hazo ne. Da na yi mata zancen faifai, sai ta sa aka jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, ta fito da basilla biyu da ragowar kaba rinanniya, ta ce ta bushe da yawa sai an sayo sabuwa. An sayar da zakaru 4, gobe za a je Vom. Abin da ya rage mini, Hajiya, a wace kasuwa ake samun kaba mai kyau a Jos, kuma wace lambar kwarashi ce ta dace da mai koyo?