Kwikwiyo yana ɓata mana tsakar gida, yaya za a koya masa wuri ɗaya?

Tambaya daga Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Na karɓo kwikwiyo ɗan wata 2 don gadin gida. Duk inda ya ga dama yake fitsari da kashi, har inda muke shimfiɗa tabarmar sallah da inda yara ke wasa. Yaran suna dukansa amma bai daina ba. Uwargida ta ce ko a gyara ko a mayar da shi. Mene ne abin yi?

Amsa daga Marwa:
Wa alaikumus salam. Malam, fara hana yaran nan duka. Kwikwiyo ba ya haɗa dukan yanzu da fitsarin da ya yi ɗazu. Abin da zai koya kawai shi ne ɓuya, sai ka riƙa tsintar kashi bayan randa. Kuma ɗan wata 2 ba ya iya riƙe fitsari fiye da awa 2, kusan awa ɗaya ke nan ga kowane wata na haihuwarsa.

Ka ware kusurwa ɗaya nesa da rijiya da madafa, ka zuba yashi bokiti 2 ko 3. Ka dangwali fitsarinsa da tsumma ka binne a ciki, ƙamshin kansa ne zai jawo shi. Lokutan kai shi: da ya farka daga barci, minti 10 zuwa 20 bayan ya ci, bayan wasa, da kafin a kwanta. Ka tsaya da shi minti 5, kana maimaita kalma ɗaya, misali "yi nan". Da ya gama, nan take a wurin ka yabe shi, ka ba shi tsokar nama kamar ƙwayar gyaɗa. In ka bari sai kun bar wurin, ladar ta tashi a banza. In bai yi ba, sa shi a keji, a sake bayan minti 15.

In ka ga yana shinshina ƙasa yana zagaye, kar ka yi tsawa, ɗauke shi kawai ka kai shi yashin.

Amsa daga Ngaundere:
Ƙari kan maganar keji. Ya zama daidai yadda zai miƙe, ya juya, ya kwanta. Kare ba ya son ɓata makwancinsa, amma in kejin ya yi faɗi sai ya kwana a gefe ɗaya ya yi kashi a ɗayan. Da dare za a tashi a fitar da shi sau ɗaya ko biyu, babu makawa, har ya ƙara wayo. A ajiye kejin a inuwa, ba ƙarƙashin rufin kwano ba, kuma kar a rage masa ruwa da rana don gudun fitsari. Zafin Garwa a Maris da Afrilu yana wuce digiri 40, ƙishirwa tana iya kashe shi.

Abinci sau 3 ko 4 a lokuta tsayayyu, a ɗauke kwanon bayan minti 15. Madarar shanu da yawa tana sa shi zawo, miya mai albasa kuma tana cutar da jininsa.

Amsa daga Kusseri:
A wanke wurin da javel, wato ruwan bilic na kashe ƙwayoyin cuta.

Amsa daga Njamena:
Ɗan'uwa, a yi hattara da javel. In aka zuba shi kan fitsari yana tayar da iska mai shaƙe mutum. A siminti, a fara ɗauraye fitsarin da ruwa da sabulu, sannan a goge da binegar da ruwa rabi da rabi, kuma kar a haɗa binegar da javel. In dandarin ƙasa ne, a haƙe inda ya jiƙe a zubar, a cike da sabuwa.

Abin da ya fi damuna yaran ne. Yawancin kwikwiyoyi suna da tsutsar ciki, ƙwanta yana fita cikin kashi, kuma sai ya yi makonni a ƙasa kafin ya iya kama mutum. Don haka a kwashe kashin kullum da shebur a zuba a masai. A ba shi maganin tsutsa yanzu, sannan duk wata har ya kai wata 6, gwargwadon nauyinsa. Allurar haukan kare a wata 3. In ka ga zawo da jini, da amai, ya ƙi cin abinci, wannan ba matsalar tarbiyya ba ce, a kai shi wurin likitan dabbobi ranar. Haka in yana ɗigar fitsari kaɗan-kaɗan yana kuka.

Ka roƙi uwargida ta yi haƙuri. In gida duka suka bi tsari ɗaya, akasari tsakanin wata 4 da 6 yake kama wurinsa da kansa.