Lensi mai dogon zango a kan 4x5, zugazugina ya gaza

Mai_Baƙin_Ƙyalle:
Salam jama'a. Ina da kyamara Crown Graphic 4x5 (mai cin babban fim inci 4 da 5) da lensi 135mm, yanzu ina son in ɗauko Dutsen Zuma daga nesa ya cika min fim ba tare da na matso bakin titi ba. Wani ya ce in nemi 450mm, to amma zugazugin kyamarata, wato sashen nan mai miƙewa tsakanin lensi da fim, ko na ja shi har ƙarshe bai wuce 320mm ba. Zai yi fokas kuwa ko asarar kuɗi zan yi? Don Allah masu sani ku taimaka.

Baba_Dakin_Duhu:
Wa alaikumus salam ɗana. Ba zai yi ba, kar ka saya. Lensi na gama-gari tsawonsa shi ne tazarar da yake nema tsakaninsa da fim idan abin yana can nesa, 450mm na son zugazugi 450mm, kai kuma 320 gare ka. In abin ya matso kusa ma sai ya ƙara nema. Ko 300mm ka saka, dutse zai fito amma ka tsayar da mutum a mita 3 sai ka ja wajen 333mm, ka ga ka riga ka ƙure.
Abin da ya dace da kai irin su Nikkor-T ED 360mm f/8, an ƙera shi ne ya yi fokas da zugazugi wajen 260mm kawai. Kuma gabansa ɗaya ne da na 500mm da 720mm, bayan kawai ake sauyawa. Sai dai 500 ɗin na son kusan 350mm, ya fi ƙarfin Crown ɗinka. Akwai Fujinon-T 400mm f/8 ma, shi ma zai zauna.

Hajiya_Fim:
Baba ya faɗi gaskiya amma bari in ƙara, irin waɗannan masu T ɗin (wato telephoto) wlh suna da rigima in ka zo karkatar da gaban kyamara, kana ɗan lanƙwasa shi kaɗan sai hoton ya gudu a gilashin baya da ake duba hoto a kai, fokas ma ya tafi, ka gyara wannan wancan ya ɓaci, kana ƙarƙashin ƙyalle kana ta zufa. Kuma da'irar hotonsu, wato faɗin hoton da lensi ke jefawa kan fim, ba ta da faɗi sosai, ba za ka ɗaga gaba yadda kake so ba. Ni Nikkor-M 300mm f/9 nake ɗauka, ɗan ƙarami ne a shota Copal 1, aljihu ma zai shiga. Ka sani fa 300 a 4x5 kamar 90mm ne a ƙaramar kyamara mai fim 35mm, kar ka sa ran jawo abu irin na masu ɗaukar ƙwallo.

Mai_Baƙin_Ƙyalle:
Na gode Baba, na gode Hajiya. To allon ɗaura lensi ɗin nan mai kama da hula da ke turo lensi gaba fa, ba zai ƙara min tsawo ba?

Baba_Dakin_Duhu:
Zai ƙara ƴan santimita, ya ishe ka ga 300mm, ba zai kai ka 450 ba. Kuma nauyi yana komawa can baki, gaban kyamara ya dinga rawa. Rawar nan ita ce babbar matsalarka ma, ba lissafi ba. Zugazugi in ya miƙe iska kaɗan ke kaɗa shi, ga shi za ka rufe ƙofar hasken lensi zuwa f/22 ko f/32 shota ya yi jinkiri. Ka samu ƙafa uku mai nauyi, ka tokare gaban da wata sanda, ka tare iska da lema, bayan ka zare marfin fim ka ɗan dakata komai ya lafa kafin ka danna wayar sakin shota.

Hajiya_Fim:
Kuma kar ka je da hunturu, hazo zai wanke maka dutsen fari fat ko da wane lensi ne. Bari sai an yi ruwa sama ta washe, ka fita da sassafe kafin ƙasa ta ɗau zafi iska ta fara rawa. In baƙi da fari ne ka sa filta ruwan lemo, ka ƙara haske kamar sitof 2, wato ninki huɗu.