Girinhaus da Hausa: rumfar leda, ɗakin ɗumi ko gidan leda?

Mai lambu, Lamingo, Jos:
Salamu alaikum jama'a. Ina neman sunan girinhaus da Hausa, wato rufaffen wurin nan da ake shuka a cikinsa, sunan da zai zauna a bakin lebura ba sai an yi masa dogon bayani ba. Na zuba irin masara mai zaƙi a tire cikin girinhaus ɗina, don in dasa ta riski kasuwa lokacin da ɗanyar masara ke wuya. Tsiron ya ƙi daɗi. Wasu ramukan ba su fito ba sam, da na tona na tarar irin ya ruɓe yana yauƙi. Cikin waɗanda suka fito, wasu ganyensu ya rine ya yi shunayya, wasu sun zuba tsawo babu ƙwari, wasu kuma da safe sai a tarar sun kwanta, gindin ya tsuke daidai bakin ƙasa. Ina son rubuta wa yaran aiki ƙa'idojin kula da wurin, sunan wurin ma ya gagara. Wani ya ce "koren gida", yaran suka fashe da dariya, don namu fari ne fat.

Malamar Hausa, Bukuru:
Wa alaikumus salam, Malam. Yaranka sun yi gaskiya, koren da ke cikin sunan Turancin na shukar ne, ba na ginin ba. Bahaushe yakan raɗa wa gini suna daga abin da aka yi shi da shi, kamar gidan kwano da gidan bulo, ko daga abin da ke ciki, kamar gidan kaji, ko daga aikinsa, kamar ɗakin girki. Masu fassara sukan ce "gidan gilashi". Ya dace da na Turai, irin wanda aka gama a lambun Kew na Landan a 1848. Amma namu na Vom da Shen da Rayfield ƙarfe ne ko katako aka lulluɓe da leda, gefe kuma raga. Ka aiki yaro gidan gilashi a gonar da ko taga babu, zai tsaya yana waige-waige.

Ɗalibin aikin gona:
Anti, tunda an yarda da raɗa suna daga aiki, me zai hana "ɗakin ɗumi"? Ai ɗumin ake nema. Har masu labarai ma daga nan suka samo maganar iskar da ke ɗumama duniya.

Tsohon malamin gona, Vom:
Ɗana, sunan naka yana da daɗin faɗa, amma zai kashe wa mutane shuka. Bari in bi ta kan masarar Malam, za ka ga dalili.

Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200. A Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauko wajen digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka. Leda falle ɗaya ba ta riƙe ɗumi da dare, kafin asuba cikin ya kusa daidai da waje. Da rana kuwa, idan an rufe ruf, zafin yakan haura digiri 35 cikin sauƙi. Wurin da dare sanyi ne, da rana ƙuna. Yaron da aka gaya wa ɗakin ɗumi ne zai rufe ko'ina da tsakar rana don kada ɗumi ya tsere, da yamma kuma ya sheƙa ruwa ya tafi gida hankali kwance.

Malam, ruɓewar irin daga nan take. Duba ƙwayar masara mai zaƙi, za ka ga ta yamutse, ba cikakkiya kamar ta tuwo ba. Sukarin cikinta bai koma gari ba, saboda haka guzurin tsiron kaɗan ne, fatarta kuma saurin tsagewa gare ta. Masarar gida takan lallaɓa ta tsiro daga digiri 10, mai tsananin zaƙin nan kuwa tana son ƙasa ta kai 15 zuwa 16 ko sama. In ta kwana cikin ƙasa mai sanyi da jiƙa, sai ta sha ruwa ta kumbura ta kasa motsi, ƙwayoyin cutar ƙasa su riga ta. Su ne dai ke cin gindin waɗanda ka tarar a kwance. Wanda ya kwanta ba ya tashi. A cire shi da ƙasarsa a kai nesa, a wanke tire sosai kafin a sake zuba iri, kuma a nemi irin da aka yi wa magani, mai jan fenti a jiki. Ban ruwa da hantsi, bayan rana ta ɗaga. Masu jan ruwa daga kududdufan da haƙar kuza ta bari, ku tara shi a duro cikin wurin ya kwana sanyinsa ya ragu, kada ku zuba shi kai tsaye da sanyinsa. A ɗora tire kan benci, a raba shi da ƙasa. Wannan ma yana rage ɓarnar ɓera, don shi ma gwanin tono iri ne.

Shunayyar ganye kuwa, kada ka yi saurin ɗauko buhun NPK. Galibi sinadarin fosfaras ne bai isa ganyen ba, ba don babu shi a ƙasar ba, saiwar ce sanyi ya hana ta ja. Da ƙasa ta yi ɗumi sabon ganye zai fito kore. In ka tula taki a ɗan ramin tire, saiwar za ka ƙona.

Tsawon banzan nan rashin haske ne. Hau ka shafa rufin da yatsa, za ka ga ƙurar hunturu. A wanke shi, a kuma rage cunkoso, ƙwaya ɗaya a rami.

Ɗalibin aikin gona:
Na janye, Baba. To "rumfar leda" fa? Na ji wasu na faɗa.

Malamar Hausa, Bukuru:
Rumfa inuwa ake nema da ita, gefenta a buɗe, iska na ratsawa. Wannan kuwa yana da bango da ƙofa, ana rufewa a buɗe. A bar wa rumfa baƙar ragar da ake shimfiɗa wa dashe a sama don rage rana, a ce "rumfar raga". Ni ina bayan "gidan leda". Bai yi wa kowa alkawarin ɗumi ba, abin da ido ke gani kawai ya faɗa. Jam'insa ba wahala, gidajen leda. Yana kuma da 'yan'uwa a shirye: na Turai gidan gilashi, wanda raga ce zalla gidan raga. Da "gidan sauro" bai riga ya sami mai shi ba, da wani ya kawo shi.

Mai lambu, Lamingo:
Malama, na so a ce "gidan raino", tunda raino nake yi a ciki.

Tsohon malamin gona, Vom:
Kai ne kake raino. Maƙwabcinka tattasai da kokwamba yake nomawa a ciki har girbi. Raino aiki ɗaya ne cikin ayyukan wurin. Kuma kada rainon naka ya yi tsawo, masara ba ta son a taɓa mata saiwa. Mako 2 zuwa 3, tana da ganye 3 ko 4, a dasa ta da ƙasarta ba a girgiza ba. In ta daɗe a tire saiwar ta nannaɗe, za ta tsugune ta yi goyo ƙanana. Kafin dashen a riƙa fito da ita waje da rana na 'yan kwanaki ta saba da iska.

Dillalin kayan gwari, Farin Gada:
Ranku ya daɗe, na yarda da gidan leda, amma da sharaɗi: kada a gutsure shi. Mu a kasuwa komai sai mun taƙaita. Ranar da aka fara cewa "tumatirin leda" an shiga uku, don kowace mai girki ta san tumatirin leda shi ne niƙaƙƙen nan na shago. Haka ruwan leda. Sai dai a ce tumatirin gidan leda, tattasan gidan leda, ko da bakin zai gaji.

Malamar Hausa, Bukuru:
Alhaji ya kawo abin da ban hango ba. An karɓa. Ita masarar kuma a bar ta "masara mai zaƙi". Na so in jawo takanda, sai na tuna zaƙinta a kara yake, wannan kuwa a ƙwaya.

Mai lambu, Lamingo:
Shi ke nan, gidan leda. Baba, saura ɗaya: in na bar wasu su girma a ciki fa, ban fitar ba?

Tsohon malamin gona, Vom:
Za su girma, amma aikin iska ya dawo kanka. Iska ce ke kaɗo bununi daga saman kara zuwa gemun goyon, kuma kowane silin gemu ƙwaya ɗaya ce. Silin da bai samu ba, gurbinsa zai fito fayau a totuwa. A gidan leda iska ba ta kaɗawa, sai ka bi kana girgiza karan da hantsi, bayan raɓa ta bushe, gefe kuma a ɗage, don zafin da ya wuce digiri 35 yana kashe bununi. Ka shuka su a dunƙule, layi huɗu ko fiye, ba dogon layi ɗaya ba. A fili kuma ka nisanta ta da masarar gida, in bununinsu ya haɗu zaƙin zai tafi. Ka riƙa leƙa cikin kunnen kowace shuka saboda tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Najeriya a 2016. Alamarta 'yan tagogi a ganye da kashi kamar dusa. Raga tana tare uwar tsutsar ne kawai in ba a bar ƙofa a hangame da dare ba.

Dillalin kayan gwari, Farin Gada:
Malam, in ta nuna ka karya da asuba ka kawo min a ranar. Tana barin kara sukarin ke fara komawa gari, ta kwana biyu a buhu babu mai ba ka kuɗin mai zaƙi.