Cire jarabawar Morse daga lasisin rediyon 'yan sha'awa

Dattijo: Salam jama'a. Abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya wallahi. Da kafin a ba ka lasisin yin magana da wasu ta rediyonka na kanka sai ka kama Morse, wato saƙon da ake aika haruffa da gajeru da dogayen ƙara, da kunnenka kana rubutawa, a Amurka babban aji kalma 20 ne a minti ɗaya, ƙaramin aji da aka kawo a 1951 ma sai da 5. Yanzu an cire, kowane rago ya haddace amsa ya hau iska.

Injiniya: Baba da girmanka, wa kake kira rago? Ni ban iya Morse ba amma eriyata da hannuna na haɗa ta, na yanka waya na auna na hau sama na ɗaura, wannan ragwanci ne?

Dattijo: Ban kama suna ba ɗana.

Hajiya: Ai ba sai ka kama ba Baba, ka ce kowane. A janye kalmar kawai.

Ɗan Morse: Babu abin janyewa! Wanda ya tsargu da shi ake. Amurka ce ta ɓata harkar nan.

Injiniya: Ba Amurka ba ce malam, taron ITU, hukumar sadarwa ta duniya, da aka yi a birnin Janiba a 2003 shi ya ce kowace ƙasa ta yi yadda ta ga dama, FCC, hukumar sadarwa ta Amurka, sai 2007 ta cire gaba ɗaya.

Ɗan Morse: To lasisin da suka fito da shi a 1991 babu Morse fa? Kai dai kullum sai ka kare su.

Hajiya: Ku da kuke yabon da, dokar 1912 bayan nitsewar Titanic ai korar 'yan sha'awa ta yi zuwa gajeren zangon rediyo, daga mita 200 zuwa ƙasa, saboda ana ganin wajen ba shi da amfani, a 1923 suka yi magana tsakanin Amurka da Faransa a wajen. Gwaji ne ya kai su.

Ɗan Morse: Da me suka yi maganar Hajiya? Da Morse!

Injiniya: Har yanzu dai ba a janye rago ba.

Admin: Ya isa haka, na rufe. Abin da na fahimta yawancinmu mun yarda martabar lasisi ta ragu tun da aka cire Morse, Baba gaskiya ya faɗa, kalma ce kawai ta yi wa matasa zafi. Injiniya ka same ni ta gefe.