Sai na koma Legas kafin in sami masu zuba jari?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina sayar wa 'yan Kantin Kwari manhajar lissafi, amma man janareto da kuɗin ma'ajiyar bayanai da nake biya da dala sun cinye ribar tun faɗuwar darajar naira a 2023. Shin in tattara in bar Kano?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya yawancin masu zuba jari suna Legas, inda Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ya bunƙasa har kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020.

Amsa: Malam, kada ka yi gaggawa. Ka fara neman shaidar rajista a ƙarƙashin dokar sababbin kamfanonin fasaha ta 2022, wadda hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ke kula da ita, domin ta tanadi rangwamen haraji.

Amsa: Ni damuwata dabam ce, domin ɗan kasuwarmu har yanzu ya fi amincewa da littafinsa.