Neman shawara: an ce a tara fitsarin mahaifiyata na awa 24 don gwajin fotasiyam

Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana fama da hawan jini, kuma a 'yan kwanakin nan ƙafafunta suna sanyi, jijiyoyinta suna ɗaurewa da dare har ta kasa tashi sallar asuba ba tare da an kama ta ba. An gwada jininta, aka ce fotasiyam, wani sinadari da jiki ke buƙata, ya yi ƙasa, sannan aka ba mu jarka aka ce mu tara fitsarinta na kwana ɗaya cur. Tun da jini ya riga ya nuna matsalar, mene ne amfanin gwada fitsari kuma, kuma yaya ake tarawa?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Jini ya nuna an yi asara ne kawai, domin abin da ake so shi ne fotasiyam ya kasance tsakanin milimol (ma'aunin da ake auna shi da shi) 3.5 zuwa 5.0 a kowace litar jini, amma fitsari ne zai nuna ta inda asarar take bi. Idan ƙoda tana lafiya kuma jiki ya rasa fotasiyam, takan riƙe shi, sai a ga ƙasa da milimol 20 a fitsarin yini guda, wanda ke nuni ga gudawa ko rashin cin abinci. Idan kuwa jini ya yi ƙasa amma fitsari cike yake da shi, to ƙodar ce take zubarwa, kuma likita zai duba magungunan hawan jini masu sa fitsari, irin su Lasix, ko yawan wani sinadari mai suna aldosteron da ƙullutun da ke saman ƙoda ke fitarwa.

Batun tarawa kuwa, a nan mutane suka fi kuskure. Fitsarin farko na safe a zubar, a rubuta lokacin, sannan a tara duk wanda ya biyo baya har da na wannan lokacin washegari. Ta yi a cikin roba mai tsabta a juye a jarkar, kada ruwan tsarki ya shiga. Ko sau ɗaya aka manta, ku faɗa wa ma'aikatan, domin lissafin ya lalace.

Amsa ta biyu:
Mun yi wa mahaifinmu irin wannan a lokacin zafi, kuma da yake babu wuta, a kula muka sa jarkar da ƙanƙara. Ku tafi da duk kwalayen magungunan Hajiya asibiti, har da na gargajiya.

Amsa ta uku:
Roƙona, kada a dakatar mata da maganin hawan jini ko a fara ba ta ƙwayar fotasiyam sai da izinin likita, domin yawansa ma yana taɓa bugun zuciya. Idan ta ji zuciyarta tana fizga ko numfashi ya yi mata wuya, a kai ta asibiti nan take, kada a jira jarka ta cika.